Dikoda Ɗari Uku da Na Saya Don Ganin Hadari

In ka ga mutum a kan rufin wani gida a Mabera ko Arkilla cikin garin Sakkwato da ƙarfe shida na safe, mitar auna sigina rataye a wuyansa, yana juya dishi a hankali kamar baƙon da ke neman alƙibla, to ko ni ne ko ɗaya daga cikin yarana. Sana'armu ke nan. Muna sayar da dikoda da eriya da dishi, mu ɗaura, mu gyara in sun lalace, a 'yan shekarun nan kuma mun ƙara da haɗa sola. Yaron shago na fara, wurin wani mai gyaran rediyo da talabijin a wajajen titin Emir Yahaya, zamanin talabijin mai ƙeya wadda sai mutum biyu sun kama ake ɗaga ta. Shekara shida na yi ina shaƙar hayaƙin dalma kafin maigidana ya yaye ni. Yau ina da kamfani mai rajista, ma'aikata bakwai, babura biyu da tsani uku. Kamfani dai a takarda, in ka zo shago ne mai ƙofa biyu da benci a waje.

Kwanaki wani abokin mahaifina ya zo shagon bayan la'asar. Babban ɗan kasuwar albasa ne, irin waɗanda ke loda tirela zuwa kudu. Ya zo da ɗansa wanda ya gama karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida yana zaune. Bayan mun gaisa na kawo ruwa, Alhaji ya gyara zama ya ce:

"Injiniya, yaron ga ya ishe ni da zancen dijital. Ya ce gwamnati za ta kashe talabijin ta da, kowa sai ya sai wani akwati. Shina son in ba shi kuɗɗi shi buɗe wurin haɗa su. Kai ad da sani. Mi kaka gani?"

Na ce, "Baba Alhaji, ranka shi daɗe, kahin in ce komi, taso in gwada maka wani abu."

Na kai su bayan shago, na yaye tamfol. Kwalaye ne jere har kusa da silin, ƙura ta mai da su kalar ƙasa, gara ta ci na ƙasan. Ragowar dikoda ɗari uku ke nan da na saya a ƙarshen 2014.

Ga yadda abin ya faru. A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka yi zama a Janiba ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, suka amince cewa ranar 17 ga Yuni 2015 za a bar watsa talabijin ta tsohuwar hanya, wato analog, a koma dijital. Nijeriya ta yi zumuɗi ta sa wa kanta 2012, shekarar ta zo ta wuce ba a yi komai ba, aka koma wa'adin duniya. Da 2015 ta matso, babu abin da kake ji a rediyo sai wannan magana. Ni kuwa na zauna na yi lissafin dokin rano. Na ce Sakkwato kaɗai gida nawa ke da talabijin, balle a haɗa da Bodinga da Wamakko da Kware da Gwadabawa? Ranar da aka kashe analog kowa zai fito neman dikoda, wanda ke da kaya a hannu shi zai yanka farashin da ya ga dama. Na sayar da wani fili da nake da shi a bayan gari, na haɗa da ɗan abin da ke asusu, na tura wa wani ɗan kasuwa a Alaba ta Legas. Lokacin dala ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kaya suka iso, dikoda mai kama siginar ƙasa ta DVB-T2, da eriyoyi na alminiyam, da nadin waya. Har walima na so in yi.

Ranar 17 ga Yuni ta zo, na buɗe shago da sassafe. NTA Sakkwato tana nan yadda take, Rima TV tana nan yadda take. Aka ce an ɗage zuwa 2017.

Sai ranar 30 ga Afrilu 2016 aka ƙaddamar da gwaji a Jos, Abuja ta biyo baya a Disambar shekarar. A nan na gane cewa ba jinkiri kaɗai ya cuce ni ba, har da jahilcina. Tsarin da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, NBC, ta fito da shi, mai suna FreeTV, ba kowace dikoda ke buɗe shi ba, sai wadda hukuma ta amince da ita, wadda kamfanonin da aka ba lasisi suka haɗa, da manhajarta a ciki, da kuɗin shekara naira 1,000. Kuma gwamnati ta sa tallafi ana sayar da ita naira 1,500. Tawa kuwa ko kuɗin da na sayo ta a Alaba ya ninka haka, ban sa kuɗin mota ba. Ko da a ce washegari an kawo dijital Sakkwato, wa zai bar ta gwamnati mai araha wadda ke aiki, ya sayi tawa mai tsada wadda ba ta buɗe tashoshin? Ganin hadari ya sa na yi wanka da kashi, ruwan kuma da ya tashi zuba, a wata unguwa ya zuba. Ilorin da Kaduna suka samu a ƙarshen 2017, Inugu da Osogbo a farkon 2018, aka yi shiru na shekara uku, sannan Legas a Afrilun 2021, Kano a ƙarshen shekarar. A duk wannan jerin babu Sakkwato.

Alhaji ya daɗe yana kallon kwalayen. Ya ce, "To ai wanga kamar albasa ce da anka aje cikin rudu ana jiran tsada, ruwa ya shige ta." Na ce wallahi ta fi albasa saurin ruɓewa, don ita albasa in ta fara lalacewa hancinka zai gaya maka. Kayan lantarki kuwa suna nan fes a cikin leda, suna sheƙi, alhali zamani ya wuce su. Ba ka sani sai ranar da ka kunna.

Yaron ya yi shiru, amma na ga bai gamsu ba, kuma yana da gaskiyarsa. Faɗuwata ba ta nuna cewa babu kuɗi a harkar ba. Akwai kuɗi, manya ma. Tambayar ita ce a hannun wa suke, kuma wane mataki mai ƙaramin jari zai iya takawa bai karye ba.

Sai na yi masa bayanin da ni ban samu wanda ya yi mini ba. A tsarin analog, tasha ɗaya tana cinye layi guda na iska, mai faɗin megahaz 8, ita kaɗai. A dijital ana matse hoto da sauti, layin nan guda ya ɗauki tashoshi goma sha har zuwa wajen ashirin. To in tashoshi sun taru a 'yan layuka kaɗan, sauran filin ya zama fanko, kuma wannan filin, wajajen megahaz 700 da 800, shi ne wanda kamfanonin waya ke nema ido rufe, don yana tafiya nesa yana ratsa bango, ya dace da intanet ta 4G. A 2015 NBC ta sayar wa MTN wani yanki na 700 a kan naira biliyan 34, aka ce da kuɗin za a yi aikin sauyin. Ka ga ke nan babbar ribar barin analog ba ta ma cikin talabijin, tana cikin wayar da ke aljihunka. Wannan matakin ba namu ba ne, ko a mafarki.

Mataki na biyu shi ne masu dakon sigina. A da kowace tasha sai ta kafa dogon ƙarfenta, ta sayi injin watsawa, ta riƙa zuba masa dizal. A sabon tsari an raba aikin: tasha ta shirya shirinta, wani kamfani daban ya ɗauka ya watsa. Kamfanoni biyu aka fi ji a nan, ITS wanda ya fito daga jikin NTA, da Pinnacle. Shi ma wannan aikin biliyoyi ne. Na uku masu haɗa dikoda, waɗanda aka ba kamfanoni 13 lasisi, kuma nan ne yaron Alhaji ke son ya sa ƙafa. Na ce masa, ƙanena, duk abin da ke cikin akwatin nan, daga allon har ƙwaƙwalwar har rimot, da dala ake sayo shi daga Sin. Abin da ake yi a nan ɗaure noti ne da sa kwali. Ka sayo da dala, ka sayar da naira, a farashin da ba kai ka yanka ba, ga mai saye wanda sai gwamnati ta kunna sigina a garinsu zai neme ka. Ka tuna a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, farkon 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya ci bashin banki ya yi odar kwantena a tsakanin nan, sai dai a yi masa jaje.

Abin da na fi so su gane, wanda ni sai da na yi asarar fili na gane shi, shi ne mutane ba su zauna jiran gawon shanu ba. Mu 'yan kasuwa ne muka tsaya kallon bakin gwamnati. Talakawa tuni suka koma dijital da ƙafarsu, ba tare da sun san sunan abin ba. StarTimes ta shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv ta biyo a 2011, masu hali suna da DStv tun da can. Mafi yawan mutanenmu kuma dishi suka ɗaura da dikoda ta kyauta, irin su Strong, wadda ba ruwanka da kuɗin wata. Magidanci zai ce maka, "Ni dai ka kamo man Makka da Madina, da tashoshin wa'azi, da na Hausa don iyali." Da Arewa24 ta fara a 2014, na ɗaura dishi a unguwannin da ban taɓa zaton za a kira ni ba. Duk shekarun da kwalayena ke shan ƙura a baya, abin da ya riƙe gaban shagon ke nan, har na mai da rabin asarata. Kuɗin ba a akwatin suke ba. Ribar dikoda ɗaya ba ta sayen kwanon shinkafa. Suna wurin ɗaurawa, da dawowa gyara, da wutar da za ta kunna ta.

Ɗaurin dishi aiki ne da ake rainawa. A watan Afrilu zafin garin nan yana wuce digiri 40, in hantsi ya yi ba ka iya dafa kwanon rufi da tafin hannu, shi ya sa muke fita da asuba. Za ka kafa ƙafar dishi, ka tabbatar ta miƙe sak, don in ta karkace ko da kaurin yatsa ne za ka wuni kana neman tauraron ɗan'adam ba ka same shi ba. Daga Sakkwato taurarin duk ta kudu suke. Nilesat tana digiri 7 yamma, sai ka ɗan karkato dama in kana fuskantar kudu, Badr ta Arabsat tana digiri 26 gabas, ka koma hagu. Kana juyawa kana sauraren kukan mita, in ya yi tsini ka tsaya, ka murɗa kan dishin kaɗan kaɗan har ingancin sigina ya cika, sannan ka ɗaure. Wurin ɗaurewar ma akwai sirri, in ka matse noti ɗaya gaba ɗaya kafin ɗan'uwansa, dishin zai goce. A analog in eriya ba ta zauna daidai ba hoto zai yi yayyafi amma ana kallo a haka. Dijital ba ta san wannan sassaucin ba. Ko hoto ya fito tar, ko ya daskare ya farfashe, ko allo ya yi baƙi. Wannan halin nata shi ne abincinmu.

Sannan ga iskar farkon damina. Daren da aka yi guguwar farko, washegari wayata ba ta hutawa. Wata shekara na tura wani sabon yaro aiki a Gidan Dare ban bi shi na duba ba, ashe maimakon ya huda bango ya sa noti, ƙusa ya buga a katakon rufi. Iska ta ɗauke dishin da ƙafarsa ta jefa gidan maƙwabta, ya faɗa kan rumfar awaki. Allah ya tsare ba mutum a wurin. Na biya rumfa, na biya dishi, na sha faɗan tsohuwar gidan, wadda har yau in ta gan ni sai ta ce, "Kai ne mai jifa da faranti." Laifina ne, ba na yaron ba. Tun daga ranar ba wanda ke hawa rufi shi kaɗai sai ya yi wata shida yana riƙe wa wani tsani.

Akwai wani abu kuma da mai zuba jari daga Legas ba zai taɓa hangowa ba. Yawancin kiran da ake mana ba na rufi ba ne, na cikin ɗaki ne. Tasha ta canja lamba ta ɓace, yaro ya danna wani abu a rimot, harshen dikoda ya koma Larabci ko Faransanci. Aikin minti biyar. Amma maigida yana kasuwa, gidan kuma na kulle ne, namiji baligi ba zai shiga ba sai ya dawo da dare, mu kuma da dare mun tashi. Kira ɗaya sai ya kwana uku. Da abin ya dame ni sai na koya wa ɗiyar yayata saita tashoshi da canja waya da gane in adafta ce ta mutu. Tana zuwa da hijabinta da 'yar jakarta, a Keke Napep. Cikin wata biyu matan unguwanni suka riƙa ba juna lambar shago, suna cewa a turo musu yarinyar nan. Yanzu su biyu ne, kuma rabin dikodar da muke sayarwa ta hannunsu take fita, don ashe matan ne ke yanke shawarar wadda za a saya, da kuɗin adashinsu.

Wuta kuwa ita ce uwar matsala, ita ce kuma uwar kasuwa. Kowace dikoda goma da aka kawo gyara, mafi yawansu ɓangaren wuta ne ya ƙone. A kawo wuta da rauni, ko a kawo ta da ƙarfi bayan an ɗauke, ko janareta ya yi tari, sai kafasita ta kumbura kamar ƙosai. Ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska, zafin bazara ya ƙarasa ta. Gyaran ba wuya, ka cire ka sa sabuwa da dalma, amma masu iya shi suna ƙarewa, samari sun koma gyaran waya. A ƙauye kuma, inda babu wutar ma gaba ɗaya, ba a sayar da dikoda ita kaɗai. Abin da ke tafiya shi ne a haɗa wa mutum faifan sola ɗaya, da batir, da talabijin mai cin wutar batir kai tsaye ba sai an sa inbata ba, da dikoda, da ƙwan fitila biyu, da wurin cajin waya. Wanda ya sayi wannan, sau da yawa ba don kallon kansa ba ne. Rumfa zai kafa, ya riƙa karɓar kuɗin kallon ƙwallo da na caji. Matsalarsa ɗaya, ba shi da kuɗin a dunƙule. Yana iya biya kaɗan kaɗan, ranar kasuwa, ko bayan an cire albasa ko gero. Ni kuma jarina bai kai in ba mutum hamsin bashi lokaci guda ba.

Na dubi Alhaji na ce, in da ni ke da kuɗin, nan zan sa su. Na dubi ɗansa na jawo littattafai huɗu daga ƙarƙashin tebur, masu bangon kwali, duk sun yi baƙi da maiƙo. Sunan kowane mai hulɗa da mu yana ciki, da unguwarsa, da irin dikodarsa, da ranar da kuɗin watansa ke ƙarewa, da bashin da ake bin sa. In littafi ɗaya ya ɓace, kamfanin ya ɓace. Har yau in na tuna gobarar babbar kasuwa ta Janairun 2021 sai gabana ya faɗi, don na san mutanen da ba kayansu kaɗai suka ƙone ba, har da littattafan bashinsu. Na ce masa ga aikin mai karatun kwamfuta. Ka rubuta mana manhajar da za ta riƙe wannan, ta tura wa mutum saƙo da Hausa kwana biyu kafin kuɗinsa su ƙare, ta nuna wane yaro aka tura wane gida, ta lissafa biyan kaɗan kaɗan. Masu irin shagona daga nan har Birnin Kebbi da Gusau ba su ƙirguwa, duk da littafi suke aiki. Amma na gindaya masa sharaɗi: ta yi aiki ko babu sabis. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Masu gidajen kallo na gabashin jihar sai sun shigo gari ko sun aiko direba da kuɗi a takarda kafin a sabunta musu. Farkon 2023 kuma aka yi ƙarancin takardar kuɗi, tura kuɗi ta waya ya riƙa maƙalewa. Duk manhajar da aka rubuta a ɗaki mai sanyi ana zaton intanet ba ta yankewa, a Isa ko Sabon Birni ba ta da amfani.

Yaron ya tambaye ni batun buɗe tasha, tunda an ce yanzu ba sai ka kafa ƙarfe ba. Gaskiya ne ƙofar ta fi da faɗi, kuma ina jin takaicin yadda ba ka cika jin Sakkwatanci a manyan tashoshin Hausa ba, sai in ana son a yi barkwanci da mu. Muna da malamai, muna da tarihi tun daga Hubbare har Alkalawa, muna da makaɗa, muna da kokawa da dambe. Sai dai tasha talla take ci, masu ba da talla a garin nan kuwa ka san su: 'yan siyasa in zaɓe ya matso, masu maganin gargajiya, makarantun kuɗi in za a koma hutu. Ba su riƙe tasha wata goma sha biyu. Ga shi samari sun koma kallo a waya, TikTok da YouTube da Facebook, ta kan intanet ɗin nan da aka gina a filin da talabijin ta bari. Abin da na ga yana biya shi ne ƙaramin ɗakin ɗaukar shiri, kyamara biyu da fitilu da mai iya tace hoto, ka ɗauki tafsiri da azumi, ka ɗauki taro da biki, ka yi wa 'yan kasuwa talla, ka sayar wa tasha, ka kuma sa a intanet. In tasha ta mutu kayanka suna nan.

Ban ɓoye musu kasuwar iyaka ba, don tana da daɗi in tana tafiya. Mutanen Ƙonni ta Nijar da ƙauyukanta suna tsallakowa ta Illela su sayi dishi da batir, in sefa ta yi ƙarfi a kan naira kayanmu sun zame musu araha. Amma an rufe iyaka a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Kasuwa ce ta ƙari, ba wadda za ka ci bashi dominta ba.

Yanzu kuma magana ta sake juyawa. NBC ta ce za ta bi ta sama, ta tauraron Nijeriya, NigComSat, maimakon jiran a kafa ƙarfe a kowace jiha. A ganina wannan ya fi dacewa da ƙasa mai faɗi irin tamu, inda ƙauye ke nesa da ƙauye. Kuma in ya tabbata, kowane gida sai an ɗaura masa dishi ya kalli digiri 42.5 gabas, wato aikinmu ne ya ƙaru. Amma tauraron da ke can, NigComSat-1R, a Disambar 2011 aka harba shi daga Sin, kuma shekara 15 aka ƙera shi ya yi. Mai hankali zai yi wannan lissafin da kansa. Ni dai na yi wa kaina alkawari, ko waye ya yi sanarwa, ko a wane otal aka yanka kyalle, ba na sayen kwali ɗaya sai na hau rufin shagona na ga sigina a mitata, na kuma ga takardar da ta faɗi irin dikodar da za ta buɗe shi.

Alhaji ya miƙe yana gyara babbar riga, ya ce zai yi shawara. Bayan kwana tara ya aiko direbansa da saƙo cewa zai sa kuɗin kayan sola na gida ashirin, a gwada a ƙauyuka biyu ta hanyar Wurno inda yake da masu noma masa albasa, don ya san wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya. Riba a raba uku, kashi ɗaya nasa. Ashirin ba yawa, amma ban yi musu ba. Game da ɗan nasa kuma ya ce in riƙe shi wata uku, kada in raga masa.

Ranar farko yaron ya zo da takalmi sau-ciki mai santsi da kwamfutarsa a jaka. Na ce ya ajiye jakar, na ba shi silifas ɗin roba da tsani. Ƙarfe tara ya sauko daga wani rufi a Runjin Sambo, tafin hannunsa ya yi ja, ya shanye ledar ruwa uku a tsaye. Da yamma na same shi a bayan shago ya buɗe ɗaya daga cikin tsofaffin dikodar nan yana leƙa cikinta. Ya ce, "Yaya, adaftocin ga da rimot ɗin duk lahiya lau suke, mi ya hana a sai da su daban?" Shekara goma ina wuce kwalayen nan ban yi wannan tunanin ba. Mun fitar da adafta ɗari da tamanin masu aiki, yarinyar nan tana tafiya da biyar biyar a jakarta. Eriyoyin kuwa wani mai ƙera tukwanen alminiyam ya zo ya auna su a sikeli, ya biya kuɗin kilo, ya ɗaure su a bayan amalanke.